Makarantar da Ta Taso a Bakin Rami: Waiwaye kan Karatun Sakandare a Arlit da Akokan

Galibin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa da na Azbin sun girmi makarantar boko da ɗaruruwan shekaru, don haka lokacin da ta iso Agadas ko Damagaram ko Katsina ta tarar fada da kasuwa da zaurukan malamai sun riga sun tsara rayuwar jama'a, sai ya zame mata dole ta roƙi wurin zama a tsakaninsu, ta kuma yi ta bayanin amfaninta ga iyayen da ba su neme ta ba. Arlit bai bi wannan hanya ba, domin garin da makarantarsa tare suka taso, kuma dukkansu daga rami ɗaya suka samo dalilin wanzuwarsu. Saboda haka ne tarihin karatun sakandare a wannan yanki na arewacin jihar Agadas, ko da yake bai wuce shekara hamsin da ƴan kai ba, ya fi na sauran wurare fito da wata mas'ala da masu tsara ilimi ke yawan kauce wa, wato cewa manufar da hukuma ke rubuta wa makaranta daban, manufar da ɗalibi da mahaifinsa ke gani da idonsu daban, kuma ta biyun ce ke tayar da yaro da asuba.

Masu binciken ƙasa na Faransa sun fara cin karo da yuraniyom a Azelik a 1957 yayin da suke neman jan ƙarfe, kuma bayan shekarun da aka kwashe ana tono da aune-aune a yammacin duwatsun Azbin aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka aza harsashin garin Arlit a 1969, sannan aka soma fitar da ma'adinin daga buɗaɗɗen rami a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, wanda Nijar da Faransa da Japan da Sifaniya suka mallaki hannun jari a cikinsa, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978 a ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kimanin mita 250, ya kuma gina wa ma'aikatansa garin Akokan ƴan kilomitoci kaɗan daga Arlit. Domin ba su wutar lantarki aka buɗe mahaƙar kwal ta SONICHAR kusa da Cirozerin, domin fitar da kayansu kuma aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta ratsa Agadas. Zuwa 1981 ƙasar na fitar da fiye da tan 4,000 a shekara, yuraniyom kuma ya haura kashi 70 cikin 100 na kuɗin abin da take sayarwa a waje. Cikin wannan yalwa aka gina azuzuwan farko.

Tsarin da makarantun suka bi shi ne na ƙasa baki ɗaya, wanda Nijar ta gada daga Faransa. Bayan shekara shida na firamare yaro yana shiga kwaleji, wadda ake taƙaita sunanta da CEG, ya yi shekara huɗu ana ƙirga ajinsa a juye daga na shida zuwa na uku, ya rufe da jarrabawar BEPC da jama'a ke kira burbe; wanda ya haye kuma makinsa ya kai, sai ya wuce lise na shekara uku, inda ake raba ɗalibai zuwa sashen A na adabi da harsuna da falsafa, sashen C na lissafi da kimiyyar fizik, da sashen D na kimiyyar halittu, a ƙarshe su zauna jarrabawar bak wadda ita ce mabuɗin jami'a. Ana ba da maki ne bisa 20, kuma 10 ita ce iyaka tsakanin wucewa da maimaita aji, maimaici ya yi yawa kuma a sallami yaro. Tsari ne na tacewa tun asalinsa, wanda aka ƙera domin fitar da ƴan tsirarun ma'aikatan gwamnati, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba.

Abin da ya bambanta Arlit shi ne cewa sakamakon wannan tacewa a fili yake, a gine da siminti, ɗalibi yana ratsa shi kullum a hanyarsa ta zuwa aji. Kamfanonin sun tsara unguwannin ma'aikatansu bisa matsayi, ta yadda manyan jami'ai da injiniyoyi, waɗanda da fari akasarinsu Faransawa ne, suke da nasu gidaje da wurin shaƙatawa, masu lura da aiki suke da nasu, leburori su ma da nasu, kuma girman ɗaki da faɗin tsakar gida suna bin takardar shaidar da maigidan ya riƙe. Ruwa da wuta da asibiti da kantin kamfani duk suna tafe da lambar aiki. Malamin lissafi a irin wannan gari ba ya bukatar dogon wa'azi kan amfanin karatu, tunda bambancin mai burbe da mai bak da mai takardar injiniya abu ne da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya nunawa da yatsa. Ɗabi'un da makarantar ta fi ɗaukakawa a wancan zamani, wato kiyaye lokaci, tsabtar rubutu, daidaiton awo, bin umarni ba tare da gardama ba, da iya Faransanci na ofis, su ne ainihin ɗabi'un da ake nema a ƙofar ma'aikata, inda ake karɓar aiki bisa sa'a ba dare ba rana, inda kuma kuskuren awo a ɗakin gwaje-gwaje ko sakaci a cikin rami ke iya cin rai. Uban da ke fita aikin dare da hular kwano da fitila a goshi bai ga baƙon abu ba idan mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, ya hukunta ɗansa a kan makarar minti biyar. Gida da aji da wurin aiki sun yi magana da murya ɗaya, abin da ba kasafai makarantar boko ke samu ba a ƙasashen Sahel, kuma adalci ne a ce ƙarfin makarantun yankin a shekarun 1970 da farkon 1980 daga wannan jituwa ya fito fiye da yadda ya fito daga wata hikima ta manhaja.

Akwai kuma buri na ƙasa da ya hau kan na iyali. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta karɓi mulki a Afrilun 1974, ta so ƴan ƙasa su gaji kujerun baƙi a ma'adinai, kuma a tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe makarantar ma'adinai ta Azbin, EMAÏR, a birnin Agadas, domin horar da ƙwararrun ma'aikata masu matsakaicin matsayi a fannonin haƙa da kanikanci da lantarki, waɗanda ke tsakanin injiniya da lebura. Daga baya aka samu EMIG a Yamai mai horar da injiniyoyi. Cewa Mahamadou Issoufou, injiniyan ma'adinai da ya riƙe manyan muƙamai a SOMAÏR a shekarun 1980, ya zama shugaban ƙasa a 2011, alama ce ta irin nauyin da wannan rukuni na masu ilimin fasaha ya samu a rayuwar ƙasar.

Sai dai jituwar da aka ambata ta tsaya ne a iyakar unguwannin kamfani. Garin da aka zana domin ƴan dubban mutane ya ja fatake da masu sana'a da masu neman aikin yini, ya kuma ja makiyayan da farin 1973 da na 1984 suka raba da dabbobinsu, suka kafa unguwanni irin su Bukoki a gefe, har ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum 80,000 a ƙaramar hukumar Arlit. Ɗan waɗannan unguwanni yana zama aji ɗaya da ɗan ma'aikaci, ana auna su da ma'auni ɗaya bisa 20, amma ɗaya yana bitar darasi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ɗayan kuma sai ya gama ɗiban ruwa. Wanda ya fi su wahala shi ne ɗan makiyayan Abzinawa da ya gama firamare a Gugaram ko Dannat ko wani ƙauyen cikin duwatsu, domin shiga kwaleji a gare shi yana nufin barin iyaye da neman mai masauki a gari, wato wani dangi ko masani da zai ba shi wurin kwana da abinci na wata tara, kuma rashin irin wannan mai masauki ya katse karatun yara masu yawa waɗanda makinsu bai gaza ba. Ga ƴaƴa mata lamarin ya fi tsanani, tunda iyaye kaɗan ne ke yarda su bar budurwa a gidan wani, wannan ne ma ya sa gwamnatin Mohamed Bazoum ta ɗauki gina makarantun kwana na ƴan mata a matsayin babban shirinta daga 2021 zuwa 2023. Sakamakon da ya taru cikin shekaru shi ne ƴan asalin yankin suka yi ƙaranci a manyan kujerun ma'adinan da ake haƙa a makiyayar kakanninsu, kuma wannan ƙorafi ya fito a tawayen 1990 zuwa 1995 da aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ya sake fitowa a bakin ƙungiyar ƴan tawaye ta MNJ tsakanin 2007 da 2009. Makarantar tana alfahari da cewa ba ta duban ƙabila sai maki, kuma gaskiya ne ba ta duba ba. Abin da ba ta lissafa ba shi ne tazarar da kowane yaro ya taka kafin ya iso bencin da ake ba da makin.

Wani alheri kuma ta yi wanda babu wanda ya rubuta shi cikin manufofinta. Da yake ma'aikata sun zo daga kowace kusurwa, ajin kwaleji a Akokan ya haɗa ɗan Zabarmawan Doso da ɗan Barebarin Difa da ɗan Gobirawan Maraɗi da ɗan Abzinawan Iferwan da ƴaƴan baƙi daga Benin da Togo da Mali, cakuɗar da ba a cika samun irinta ba a wajen Yamai. A cikin aji Faransanci ne, a filin wasa da kasuwa kuwa Hausa ce ta zama harshen kowa, har ga waɗanda iyayensu ba sa jin ta sosai. Tsarar da ta tashi a haka tana kiran kanta ƴan Arlit kafin ta ambaci garin kakanni.

Faɗuwar ta zo da wuri. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979 kasuwar yuraniyom ta yi sanyi, farashi ya yi ta gangarowa cikin shekarun 1980, kamfanonin suka rage ma'aikata, gwamnati kuma ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni wanda ya taɓa alawus ɗin ɗalibai da ɗaukar ma'aikata. Zanga-zangar ɗalibai ta 9 ga Fabrairun 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, inda aka kashe uku daga cikinsu, ta buɗe shekaru goma na yajin aiki da bashin albashi da shekarun karatu da aka soke, ga kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantiragi, waɗanda ake biya ƙasa da cikakken ma'aikaci kuma sau da yawa ba tare da horon koyarwa ba, har suka zama su ne mafi rinjaye. Kuma gari mai nisan fiye da kilomita 1,000 daga babban birni, mai tsadar hatsi da haya, ba wurin da irin wannan malami ke son daɗewa ba ne. A tsakiyar wannan hali ne, ranar 1 ga Yunin 1998, aka kafa dokar da ta fayyace alƙiblar ilimin ƙasa, wadda aka fi sani da LOSEN, ta ce ilimi haƙƙin kowane yaro ne daga shekara 4 zuwa 18, ta sanya harsunan ƙasa a gefen Faransanci a matsayin harsunan koyarwa, ta kuma ɗora wa makaranta nauyin gina ɗan ƙasa mai iya tafiyar da rayuwarsa da sana'arsa cikin mutunci. Manufofi ne masu faɗi fiye da na ƙofar kamfani, sai dai sun iso a lokacin da babu alli isasshe, balle ɗakin gwaji. Fim ɗin Idrissou Mora-Kpaï na 2005 a kan Arlit ya kama garin a wannan yanayi na jiran abin da ba ya zuwa.

Fata ta sake tashi a 2007 da farashi ya haura dala 130 kowace laba, aka ba kamfanin Areva na Faransa lasisin haƙa a Imuraren a 2009, aka ɗauki matasa horo domin mahaƙar da aka ce za ta kasance cikin mafi girma a duniya, dokar ma'adinai ta 2006 kuma ta ware wa ƙananan hukumomin yankin kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake karɓa. Sace mutum bakwai a Arlit a Satumban 2010, haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, harin 23 ga Mayun 2013 a kan masana'antar SOMAÏR, da dakatar da aikin Imuraren bayan 2014 sun rufe wannan babi. A shekarar 2014 ɗin dai aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, kuma tun daga nan makarantar sakandare ta sami kishiya wadda ba ta tambayar burbe, tana kuma iya ba saurayi mota cikin wata shida ko ta binne shi a rijiya. Hanyar Asamaka da Aljeriya ita ma tana nan da nata kira. A shekarar ce kuma aka kafa jami'ar Agadas, wadda ta rage wa mai bak nisan tafiya ba tare da ta ƙara masa tabbacin aiki ba.

A nan ne ya dace a tsaya kan giɓin da ya fi kowane girma a tarbiyyar da makarantun yankin suka bayar, wato cewa sun shirya yara su yi wa ma'adinin aiki, ba su shirya su karanta ƙasar da suke zaune a kanta ba. Yuraniyom da dusar da ke saura bayan an tace shi suna fitar da wani tiriri da ido ba ya gani kuma hanci ba ya ji, tare da iskar radon mai taruwa a rufaffen wuri, ruwan da garin ke sha kuma daga tafkin ƙarƙashin ƙasa yake wanda ya taru tun dubban shekaru kuma ruwan saman yau ba ya mayar da gurbinsa. Binciken cibiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003 da na Greenpeace a 2009 sun ba da rahoton tiririn da ya wuce ƙa'ida a wasu tituna da rijiyoyi da kuma tarkacen ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda maƙera ke mayarwa kayan gida. Kamfanin Areva ya musanta wasu sakamakon, ya kuma gudanar da aikin tattara wasu kayan. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, muhawara ce ta awo da lambobi, kuma mafi yawan mazauna garin ba a ba su ilimin da za su bi ta da kansu ba, domin darasin ƙwayar zarra da tiririnta yana zuwa ne a ƙarshen lise a sassan kimiyya, matakin da ƙalilan ne ke kaiwa, a harshen da uwayen da ke dafa abinci a waɗannan tukwane ba sa ji. Wayar da kan da aka samu ya fi fitowa daga ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ma'aikacin ma'adinin ne, da fim ɗin Amina Weira na 2016, wadda ƴar tsohon ma'aikaci ce. Manhajar da aka rubuta a Yamai domin ƙasa baki ɗaya tana da hujjarta ta haɗin kai da daidaiton jarrabawa, amma da wuya a kare tsarin da zai bar yaron Akokan ya haddace kogunan Turai alhali bai san abin da tsaunin dusar da ke bayan garinsa ya ƙunsa ba.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta daina aiki bayan ta fitar da kimanin tan 75,000, ta sallami ma'aikata kusan 600 ban da ɗaruruwan ƴan kwangila, ta kuma bar kimanin tan miliyan 20 na dusa da za a shafe shekaru ana rufewa da sa ido a kanta. Iyalai da yawa sun kwashe ƴaƴansu sun koma garuruwan asali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 al'amura sun bi juna da sauri: rufe iyakar Benin ya toshe hanyar Kwatano da ake bi da ma'adinin, an janye lasisin Imuraren daga hannun Orano, wato tsohon Areva, a Yunin 2024, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sannan a Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana aika wa makarantar sakandare takardar bashi. Ƙasar da ta ce za ta haƙa ta tace ta sayar da kanta tana bukatar masana sinadarai da masu awon tiriri da masu lissafin kasuwa da lauyoyin kwangila, dukkansu kuma daga sashen C da D da A na lise suke fitowa. Harshen da aka ɗaukaka a kundi kuma yana bukatar littattafan fizik da na ilimin ƙasa da malaman da aka horar su koyar da shi, alhali gwajin koyarwa da harshen gida da aka fara a Damagaram tun 1973 bai taɓa haurawa sosai zuwa kwaleji ba.

Yaran da suka shiga aji na shida a Oktoban 2021 su ne rukunin farko da suka yi kwalejinsu gaba ɗaya babu COMINAK, sun zauna burbe a daidai lokacin da ake mayar da SOMAÏR hannun gwamnati, kuma waɗanda ba su maimaita aji ba za su kai bak a 2028. Da Faransanci aka yi musu jarrabawa, bisa 20 aka auna su, sassa ukun nan ne kuma ke jiransu kamar yadda suka jira iyayensu. Yawan waɗanda za su kai ƙarshen sashen kimiyya a cikinsu, maimakon su bi motocin Cibarakaten, ya rataya ne a kan ko malamin fizik ɗin da aka tura Arlit zai sami albashinsa a kan kari ya zauna shekara uku a jere, ko ɗakin gwaji na lise yana da kayan aiki, da kuma ko yarinyar da ta taso daga Gugaram ta sami wurin kwana da iyayenta suka amince da shi.